Wane batir mai caji zan saya, da wace caja?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Sayen batir ya ishe ni. Ga rediyon Baba, ga tocila biyu, ga na'urar awon hawan jinin Mama, ga rimot da agogon bango da motar wasan yara. Na sayi batura masu caji guda huɗu, an rubuta 4800mAh a jikinsu, tare da cajarsu a kwali ɗaya, amma ba su yi wata uku ba suka daina riƙe wuta. Fitilarmu mai caji ma ta bi sahu. Wane iri ya kamata in saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba da Mama lafiya. Gyaran kayan lantarki ne sana'ata a nan Jos, kuma wannan ƙorafi naka yana cikin waɗanda aka fi kawo mini. Abu biyu ne suka haɗu a kan baturan nan naka. Rubutun 4800mAh ɗin, wato yawan wutar da aka ce batirin yana ɗauka, ƙarya ne tun daga masana'anta. Sai kuma cajar da aka haɗo maka a kwalin, wadda ita na fi zargi, domin ko batir na ƙwarai ka ba ta, haka za ta yi masa. Saboda haka da caja zan fara, kuma ita nake so ka fara saya.

Cajar batirin AA da AAA, wato ƙananan baturan nan irin na rimot da agogon bango, iri biyu ce. Akwai wadda ba ta san komai game da batirin da ke cikinta ba. Tana tura wuta ne kawai, ko dai har sai ka zare ta, ko kuma har agogon da ke cikinta ya cika awannin da aka tsara masa. Kamar ka tara bokiti a famfo ne ka tafi kasuwa, ko ya cika ruwa zai ci gaba da zuba. To batir idan ya cika aka ci gaba da ɗura masa, wutar da ta yi saura zafi take zama, iska ta taru a cikinsa, ta fita ta ɗan ramin da aka yi mata a ka, ruwan sinadarin cikinsa ya riƙa bushewa. Abin da ya fita ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ga batir yana cika da wuri yana ƙarewa da wuri, har ya zo ya daina amfani.

Mai agogon ma an yi ta ne domin ƙasashen da wuta ba ta yankewa. Ka ɗauka an tsara mata awa takwas. Ka saka batura da la'asar, ta yi awa biyar, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita tsakar dare, agogon ya manta da awa biyar ɗin, ya sake ƙirga takwas daga farko. Idan aka sake ɗaukewa da asuba aka maido da hantsi, ya sake sabon lissafi. Batirin da awa takwas ta ishe shi sai ya sha goma sha biyar ko fiye, kai kuwa kana barci ko kana wurin aiki. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin irin wutarmu ba, mai shago ma sau da yawa bai san da zancen ba.

Ɗaya irin ita ce mai lura da batirin kansa. Batirin NiMH, wato irin AA da AAA masu caji da aka fi sani, yana da wata ɗabi'a. Ƙarfin wutarsa yana hawa a hankali yayin caji, da zarar ya cika sai ya ɗan sauka kaɗan, jikinsa kuma ya fara ɗumi. Caja mai kyau tana jiran wannan 'yar saukar, tana ganinta sai ta tsaya. Ko an ɗauke wuta an dawo da ita, cikin ɗan lokaci za ta gane batirin a cike yake ta ƙyale shi. A kwalinta za ka ga an rubuta "smart charger" ko alamar -ΔV, amma rubutu kaɗai ba hujja ba ne. Ga gwajin da za ka yi a gaban mai shago: saka batir ɗaya tak. Idan ta karɓa ta fara caji, kuma kowane gurbi yana da fitilarsa ko lambarsa a allo, to kowane batir ana kula da shi shi kaɗai. Idan ta ƙi sai an saka biyu, ajiye ta. Mai cajin bibbiyu tana ɗaukar batura biyu kamar abu ɗaya, alhali da wuya su ƙare daidai da juna, sai ɗaya ya wuce ƙima ɗayan bai cika ba.

Sai ka duba saurinta. Ana rubuta shi da mA a bayanta. Batirin AA mai 2000mAh a cajar da ke ba da 500mA zai ɗauki awa huɗu zuwa biyar. A mai 200mA kuwa sai ya kai awa goma sha biyu, kuma ka san ba kullum ake samun wuta ta daɗe haka ba. Akwai wata illar kuma, idan wutar cajin ta yi ƙanƙanta ainun, 'yar saukar nan da ake jira ba ta fitowa sosai, sai cajar ta wuce ba ta gani ba. Tsakanin 500 da 1000mA shi ne daidai ga AA, rabin haka ga AAA. Masu alƙawarin cikawa a minti 15 suna gasa batir, ban ba ka shawararsu ba. Batir a caji ya yi ɗumi ba laifi, amma idan ka kasa riƙe shi a tafin hannu, akwai matsala.

Abin da na fi so ga gidajenmu shi ne cajar da ke shan wuta ta USB. Za ka iya jona ta a kan cajar waya, ko fawa-bank, ko ƙaramin farantin sola, ba sai ka jira an kawo wuta ba. Kuma idan wuta ta zo da ƙarfi ko tsawa ta faɗo a layi, abin da damina ba ta rasa kawo mana a Jos, kan cajar wayar ne zai tafi, wanda sauya shi ya fi sauƙi. XTAR VC4 irin wannan ce, tana cajin NiMH da litiyam duka, tana nuna yawan abin da ta zuba. LiitoKala Lii-500 tana aiki da bolt 12, saboda haka mai batirin sola ko na mota zai iya amfani da ita, kuma tana iya juye batir ta auna ainihin abin da yake ɗauka. Idan AA da AAA kaɗai gare ka, Panasonic BQ-CC55 ko BQ-CC17 sun isa, kowacce tana kula da gurbi ɗaiɗai. Kada dai sunan kamfani ya sa ka fasa gwajin batir ɗayan nan, manyan kamfanoni ma suna yin masu agogo domin araha. In kuma wani ne ya kawo maka tsaraba daga Amurka, duba bayanta kafin ka jona. Wutarmu bolt 230 ce, tasu 120. Sai ka ga an rubuta 100-240V sannan ka saka a soket.

Yanzu batirin. Lambar mAh tana nuna yawan wutar da yake iya ɗauka, kuma girman jikinsa ya yi mata iyaka. AA na NiMH na gaskiya yawanci yana tsakanin 1900 da 2800mAh, AAA kuwa daga 750 zuwa wajen 1000. Babu AA mai 4800, babu mai 3800. Duk inda ka ga irin wannan lamba, ka sani mai shi ya san jama'a babbar lamba suke bi, kuma wanda ya yi ƙarya a lamba ba zai yi gaskiya a kayan ciki ba. In ka auna irin waɗannan, sau da yawa ko rabin na 2000 na gaskiya ba sa kaiwa. Nauyi ma yana tona su. AA na ƙwarai yana da giram 26 zuwa 30, AAA kamar 12. Ƙaramin sikelin nan na masu harkar gwal da duwatsu ya isa ya raba maka gardama, kai ko a hannu ma za ka ji jabun ba nauyi.

A cikin na gaskiyar ma akwai bambancin da ya fi lamba muhimmanci. Tsohon samfurin NiMH yana zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba, yakan rasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu a wata guda, fiye da haka idan da zafi. Ka cika shi ka ajiye a tocila, ranar da kake buƙata ka tarar babu komai. A 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya fito da Eneloop, wanda ke riƙe mafi yawan cajinsa shekara guda har fiye, yanzu Panasonic ne ke da sunan. Wasu kamfanoni sun bi, akwai na Fujitsu, da GP ReCyko, da LADDA na IKEA. Alamarsu ita ce suna zuwa da caji daga kwali, za ka ga an rubuta "pre-charged" ko "ready to use". Wannan irin za ka nema. Kuma ka lura, farin Eneloop mai kusan 2000mAh kamfanin ya ce zai ɗauki caji har sau 2100, baƙin kuwa mai 2500mAh sau 500 ne. Wannan lissafin ɗakin gwaji ne, a gida ba za ka kai shi ba, amma ya nuna maka cewa mai ƙaramar lambar ya fi tsawon rai. Ga rediyo da tocila da kayan wasa, farin nake saya wa gidana. Baƙin na masu ɗaukar hoto ne da makirfo marar waya irin na masallaci da wurin taro, inda ake son ya kai ƙarshen zama ba a canza ba.

Za ka ga an rubuta 1.2V a jikinsu, na zubarwa kuma 1.5V, sai mutum ya ɗauka mai cajin ba shi da ƙarfi. Ba haka ba ne. Na zubarwa da 1.5 yake farawa, amma tun ranar farko yake gangarowa, rabin rayuwarsa a wajen 1.2 yake yi, ya ƙare a kusan 1.0. NiMH kuwa yana fitowa daga caja da kamar 1.4, ya sauka 1.2 ya tsaya a nan har ya kusa ƙarewa. Kuma a na'urar da ke jan wuta da yawa, irin motar wasan yaran nan ko tocila mai haske sosai, ya fi na zubarwa juriya nesa ba kusa ba. Abin da kawai za ka iya gani shi ne wasu na'urori su nuna alamar batir ya yi ƙasa tun da sauransa, domin ma'auninsu da na 1.5 aka daidaita shi.

Wannan ya kawo mu kan na'urar Mama. Irinta tana da ɗan famfo mai hura iska, tana jan wuta sosai na ɗan lokaci, kuma da yawansu suna aiki lafiya da NiMH. Amma wasu masu ƙera su sun rubuta a takardar da ke cikin kwali cewa alkalin za a saka, wato batirin zubarwa mai inganci. Tun da maganar lafiya ce, ka bi abin da takardar ta ce. Idan alkalin ta ce, saya mata na kirki, ka riƙa leƙawa kada ya yi yoyo. Idan akwai na'urar awon suga a gidan, yawancinsu ɗan batirin nan mai kama da kwabo suke amfani da shi, CR2032, wanda ba a cajinsa. Akwai mai kama da shi da ake caji, LIR2032, amma bolt 3.6 ne maimakon 3, kada a musanya. Kuma irin waɗannan ƙananan a ɓoye su daga yara. Yaro in ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awanni, asibiti ake nufa nan take ba a jira a ga abin da zai faru.

Agogon bango da rimot ba sa cin komai, batir ɗaya yakan kai su shekara. In kuɗi bai kai ba, bar su da na zubarwa, ka sa masu cajin inda ake cin batir. Illar na zubarwa dai ita ce yoyo, farin garin nan da ke cinye sifirin ɗin rimot. Kuma don Allah kada a saka na zubarwa a caja, ko alkalin ko irin su Tiger Head. Ba a yi su domin haka ba, fashewa suke yi su zubar da ruwa. Shanya su a rana ko cizonsu da yara ke yi yana ɗan farfaɗo da su na 'yan mintuna, amma cizon nan haɗari ne ga baki.

Rediyon Baba yana buƙatar a ɗan tsaya. In mai cin AA ne, NiMH ya gama magana. In mai cin manyan batura ne, wato girman D, ka yi hattara, domin da yawa daga cikin manyan masu cajin ƙaramin batir ne aka saka a babban gwangwani. Za ka ga 2500 ko 3000mAh a jikinsa, na gaskiyar kuwa 8000 zuwa 10000 ne, yana da nauyi da tsada, kuma sai caja mai faɗin gurbi. Hanya mai sauƙi ita ce 'yan kwanson roba masu siffar D da ake zura AA a ciki. Ba zai daɗe kamar babban ba, amma rediyo ba ya cin wuta sosai, kuma batura iri ɗaya za ka riƙa juyawa a gidan duka.

Akwai wani sabon yayi, AA na litiyam mai 1.5V, wasu har da ramin USB a jikinsu, ka jona kamar waya. Suna da amfani ga na'urar da ta ƙi yarda da 1.2. Sai dai a cikin kowanne akwai ɗan da'irar da ke rage wuta daga 3.7 zuwa 1.5, kuma wannan da'irar tana iya sa rediyo shuuu, musamman a gajeren zango da matsakaicin zango. Dattijon da ke kama tashoshin waje da asuba ba zai ji daɗinsa ba. Sa'an nan ba ya gargaɗi, yana kan 1.5 har ya mutu farat ɗaya, alamar batir tana nuna cike. Lambarsa ma da mWh ake rubutawa ba mAh ba. Raba ta da 1.5, mai 3000mWh kamar 2000mAh ke nan. Kada kuma ka rikita shi da batirin litiyam da ake kira 14500, wanda girmansa ɗaya da AA sak amma bolt 3.7 ne. Biyu a rediyon da ke son bolt 3 sun ba shi fiye da 7, ƙonewa zai yi.

Tocilolin yanzu da ƙananan fankoki da rediyo masu katin waƙa da karatu yawancinsu 18650 suke ci. Sunan girmansa ne, faɗi milimita 18, tsawo 65. Litiyam ne, 3.7V, yana cika a 4.2. A nan ne ƙarya ta fi yawa a kasuwa. Manyan masu yinsa, Samsung da LG da Panasonic da Murata da Molicel, abin da suka saba fitarwa 2000 ne zuwa wajen 3500mAh, nauyinsa giram 45 zuwa 50. Masu rubutun 6800 da 8800 da 9900 duk jabu ne, kuma sikeli zai nuna maka. Waɗanda ake cirowa daga tsoffin baturan laftof kuwa sau da yawa na asali ne, sai dai sun gaji, wani da saura wani babu. Ba na hana saye, amma sai an auna. Wanda mitar awon bolt ta nuna ƙasa da 2.5V, ko mai tsatsa, ko wanda ya loɓa, bar shi. Ka duba ledar jikinsa da kyau, domin gwangwanin gaba ɗaya gefen − ne, kuma yana zuwa dab da kan +. Ledar ta yage a wuya, ƙarfe ya taɓa, wuta ta haɗu. Saboda wannan dalili ba a jefa shi a aljihu tare da makulli da sulalla.

Litiyam shi ne wanda kuskure a kansa ke kawo gobara, ba lalacewar batir kawai ba. Kada ya shiga cajar da aka yi domin NiMH kaɗai, kada NiMH ya shiga tasa. Masu karɓar iri biyu suna ganewa da kansu, amma ka karanta bayanta ka tabbatar. A yi caji a kan siminti ko tayil, ba kan katifa ko ƙarƙashin filo ba, kuma da mutum a farke a gidan. Wanda ya kumbura ko yake wari ko yake zafi ba dalili, a fitar da shi waje a sa a cikin yashi. Tocila mai cin ɗaya, in za ka samu, saya mata wanda aka rubuta "protected", yana da ɗan allon kariya a gindi, sai dai ya fi tsawo kaɗan, ka tafi da tocilar a gwada.

Fitilarku kuwa, ina kyautata zaton batirin dalma ne a cikinta, ɗan akwatin nan mai 4V ko 6V 4.5Ah, ɗan'uwan na fanka mai caji da ke da 12V 7Ah. Abu biyu ke kashe shi, kuma duka biyun mun saba yi. Na ɗaya, a kunna har haske ya mutu ɗungurungum, sannan a bar shi kwanaki babu caji. Batirin dalma in ya zauna ba caji, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa, kuma idan ya yi tauri ba ya narkewa. Na biyu, a bar fitilar a soket dare da rana ana jiran wuta. Masu arahar ba su da abin tsayar da caji, sai su dafa batirin ya bushe. A kashe ta da zarar haske ya fara ja baya, a yi mata caji da wuri, a zare bayan awannin da takardarta ta ce. In za a yi tafiya, a cika ta kafin a ajiye. Kuma ba sai ka yar da fitilar ba, ana sayar da batirin shi kaɗai. Ka sa a auna maka a shago, mai 6V ya nuna sama da 6.2, mai 12V sama da 12.5, domin wani ya daɗe a kanta ya mutu tun ba a saye shi ba. Nauyi a nan ma shaida ne, mai 12V 7Ah na kirki yana kai kilo biyu.

Wani mai gyara zai ce maka bari ya cire na dalmar ya saka 18650. Ana yi, kuma yana kyau in an yi daidai. Amma dole ya saka ɗan allon da ke kula da cajin litiyam, ya kuma cire tsohuwar hanyar cajin. In ya haɗa wayoyi biyu kawai ya rufe, ya ba ka abin da zai iya kamawa da wuta a ɗakin yara. Ka tambaye shi ya nuna maka allon kafin ya ɗaure.

Mu a Jos yanayi ya taimake mu. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200, kuma zafi shi ne babban abokin gaban kowane batir. Sanyin Disamba da Janairu yana iya sa tocila ta ɗan yi rauni da asuba, amma wannan na ɗan lokaci ne, in batir ya ji ɗumi ƙarfinsa yana dawowa. Lahanin zafi kuwa ba ya gyaruwa. 'Yan'uwanmu na Abuja da Mararaba su ne ya kamata su fi kula, musamman a watan Maris. Ko a nan ɗin, kada a bar batir a cikin motar da ke rana, ko kan taga, ko kusa da murhu. Mai ƙaramin sola ya bar farantin a rana, cajar da baturan a inuwa.

Maganar sai batir ya ƙare ƙaf kafin a yi caji, wannan ta wani tsohon samfurin batir mai caji ce da ake kira NiCd, ba ta shafi NiMH na yanzu ba, litiyam kuwa cutar da shi take yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ka gauraya. Batura biyu ko huɗu da ke aiki a na'ura ɗaya su zama iri ɗaya, sayen rana ɗaya, cajin lokaci ɗaya. In ɗaya ya fi rauni zai riga ƙarewa, sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinsa a juye, nan take ya lalace. Sa musu alama da maka, na rediyo daban, na tocila daban. Kuma da na'ura ta fara rauni a cire, kada a matse ta.

Ga gida irin naka, caja ɗaya mai gurbi huɗu da AA takwas da AAA huɗu sun wadatar, huɗu suna aiki huɗu suna jira a cike. In kuɗin bai kai a lokaci ɗaya ba, fara da cajar da AA huɗu, sauran su biyo baya. Wutar cajin ba abin damuwa ba ce, AA huɗu ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na yunit ɗin mita ba, ko da rabi ya tafi a zafi yunit ɗaya zai cika su sau hamsin. Za ka iya dubawa a shagunan kayan lantarki na Terminus da Ahmadu Bello Way, ko ka yi saƙo Abuja, ko ta intanet daga mai sayarwar da ke karɓar kaya in an dawo da su. Sanannun sunaye ma ana yin jabunsu. Eneloop na asali yana da lambar kwanan wata da aka danna a ledar jikinsa, sai ka karkata shi a haske za ka gani, rubutunsa kuma tsaf yake. In farashin ya faɗi ƙasa da na kowa sosai, araha ba ta ado.

Tsohon batirin fitilar kada a fasa shi a gida, kada a bar wa yara. Dalma guba ce, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ta fito daga duwatsun da ake niƙawa domin gwal ta kashe yara sama da 400. Masu sayen tsoffin batura suna karɓarsa a rufe yadda yake. Na litiyam kuwa a naɗe kawunansa da salatif, kada a jefa a sharar da za a ƙona.

Huɗun nan naka ma kada ka yi saurin zubarwa. In ka samu sabuwar cajar, saka su ɗaiɗai ka ga abin da kowanne zai ɗauka. Mai yiwuwa ɗaya ko biyu ne suka mutu suka ja sauran. Wanda ta ƙi karɓa domin ya sauka sifili, sa shi a tsohuwar cajar minti biyar kana tsaye, sannan ka mayar da shi sabuwar. NiMH kaɗai ake yi wa wannan dabarar, ban da litiyam. Duk wanda ya farfaɗo ya riƙe ko 600mAh ne, zai iya tafiyar da rimot, sai dai ka riƙa yi masa caji duk bayan wata ɗaya ko biyu.